Hajiya, Akwai Fulawa a Ciki?

Duk wanda ya zauna a Gana ya san babu abin da ya yaɗa sunan Bahaushe a ƙasar nan kamar tukunya. Fatauci ne ya kawo kakanninmu, goron Salaga da na Kumasi ya zaunar da su, amma abin da ya shiga gidan kowa shi ne abinci. Mutumin da bai taɓa taka zango ba yana karya kumallo da kokon da ake kira da sunanmu, ya haɗa da ƙosai. Da hantsi ya bi layin shinkafa da wake, wadda Tonawa suka ari rabin sunanta suka ce waakye. Da rana tuwon zafi, da dare tsire. Daga Nima zuwa Aboabo, daga Ashaiman zuwa Tamale, hannun matanmu da na mahautanmu ne ke ciyar da dubban mutanen da ba su jin ko "sannu" da Hausa. Saboda haka idan aka zo maganar wanda jikinsa ba ya karɓar alkama, da irin wuyar da yake sha idan yunwa ta kama shi a waje, maganar ta shafe mu ta fuska biyu: a cikinmu akwai masu ci, kuma mu ne masu sayarwa.

Ra'ayina a kan lamarin gajere ne. Wanda ya karɓi kuɗin mutum ya zuba masa abinci, wajibi ne ya faɗa masa gaskiyar abin da ke cikin tukunya idan ya tambaya, kuma mai tambayar bai yi abin kunya ba. A baki abin da sauƙi. A rumfar mai abinci kuwa, da tsakar rana, ga layi ga hayaniya, dukkan ɓangarorin biyu suna yi mana nauyi.

A cikin ƙwayar alkama akwai wani sinadari da likitoci ke kira gulutin. Shi ne ke sa kwaɓin fulawa yin danƙo, shi ke riƙe iska har burodi ya tashi. Akwai shi kuma a sha'ir da wani hatsin ƙasashen sanyi mai suna rai. Ga yawancin mutane abinci ne kamar kowane. Amma akwai wata cuta da ake kira siliyak, wadda mai ita idan gulutin ya isa ƙaramin hanjinsa, garkuwar jikinsa sai ta ɗauke shi a matsayin abokin gaba, ta far wa bangon hanjin da kansa. Bangon nan a shimfiɗe yake da wasu 'yan tsirrai ƙanana kamar gashin tawul, su ne ke tsotse amfanin abinci su miƙa wa jini. Idan suka ƙone suka kwanta, mutum ya ci ya ƙoshi amma jikinsa yana cikin yunwa. Daga nan ake samun zawon da ba ya jin magani, kumburin ciki, rama, ƙarancin jini, raunin ƙashi, yaron da ya ƙi girma, wani lokaci ƙuraje masu tsananin ƙaiƙayi a gwiwa da gwiwar hannu. Wani kuma babu abin da zai ji a cikinsa, sai dai kasala da jinin da kullum ake cewa ya yi ƙasa. An ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 100 a duniya yana da ita, kuma tana bin jini: cikin iyaye da 'ya'ya da 'yan'uwan mai cutar, kimanin 1 cikin 10 ake samu da ita. Har yau babu ƙwaya ko allurar da ke warkar da ita. Maganinta guda ne, barin gulutin har ƙarshen rayuwa.

Na san abin da za a ce: wannan ai cutar Turawa ce. Gaskiya ne a Turai aka fara gano sababinta. Wani likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, ya daɗe yana zargin alkama, sai yunwar da ta afka wa ƙasarsa a damunar sanyin 1944 zuwa 1945 ta ƙarfafa masa zato: yaran da ke fama da cutar sun samu sauƙi lokacin da burodi ya ɓace, suka koma gidan jiya da ya dawo. A 1950 ya rubuta sakamakon bincikensa. To amma inda aka fara gano cuta daban, inda take daban. Tun 1978 wani likita ya buga rahoto a kan yaran Sudan masu wannan cuta. A 1999 kuma aka gwada yara kusan 1,000 na mutanen Yammacin Sahara da ke zaune a sansanonin gudun hijira a Aljeriya, aka samu kashi 5.6 cikin 100 suna da ita, adadin da ya ninka na Turai sau biyar. Mutanen nan makiyaya ne da fulawar agaji ta zama musu abincin safe da dare. Halittar cutar tana cikin jininsu tun da can, alkama ce ta zo ta tashe ta.

Wannan labari ya kamata ya sa mu tsaya mu dubi namu akushin. Alkama tsohuwar baƙuwa ce a ƙasar Hausa, har sunanta daga Larabci muka aro shi, kamar yadda muka aro alkubus. Amma a da abincin alfarma ce: alkaki a garar amarya, funkaso ranar salla, taliyar murji idan an yi babban baƙo. Talaka yana iya shekara bai ɗanɗana ta sau uku ba. Yau fa? Gana ba ta noman alkama, duk wadda muke ci ta jirgin ruwa take shigowa Tema da Takoradi a niƙe ta, amma yaron zango yana tashi da shayi da burodi, a makaranta ya ci biskit, da dare ya tsaya wurin mai Indomie. Abin da kakarsa ke ci a shekara shi yana cinye shi a mako. Wanda ke ɗauke da halittar cutar a cikinmu, yanzu ne za ta iya bayyana, kuma abu ne mai sauƙi a yi ta yi masa maganin taifod da tsutsar ciki da shawara, ko a ce sammu ne, alhali maganin yana cikin abin da zai bari.

Abin mamaki, kusan babu al'ummar da ta fi mu sa'a a wannan fanni. Gero, dawa, maiwa, masara, shinkafa, acca, rogo, doya, wake, gyaɗa, gujiya, duk babu gulutin a cikinsu. Baturen da aka gano yana da siliyak sai ya sake koyon cin abinci daga farko, domin rayuwarsa kacokan a kan burodi aka gina ta. Mu kuwa tuwo da miyar kuka, fura da nono, koko, ƙosai, tubani, tuwon shinkafa da miyar gyaɗa, har da dokono da banku da fufu na maƙwabtanmu, duk halas ɗinsa ne. A gida, inda uwa ko mata ta san abin da ta zuba, mai wannan cuta zai iya rayuwa kamar kowa. Matsalar tana farawa ne da zarar ya fita ƙofar gida.

Mu ɗauki waakye, tunda ita ce sarauniyar titi. A tukunya babu abin zargi: shinkafa, wake, karan dafi da ke ba ta launi, ɗan kanwa. Amma dubi teburin. Kusa da tukunyar ga kwanon taliya, wadda alkama ce zalla. Hannun da ya ɗebi taliya ya zuba wa na gabanka shi ne zai ɗebo maka gari, cokalin da ya taɓa ta shi zai koma cikin shito. Zare biyu uku sun faɗa cikin kwanon salak, wani ya maƙale a gefen ludayin miya. Idan ka ce "ban da taliya", kuma aka riga aka zuba, abin da za a yi shi ne a tsame ta da yatsa a miƙo maka ganyen. A idon mai sayarwa ta biya maka buƙata.

Wurin mai koko ma haka. Kokon gero ne, ƙosan wake ne, amma kaskon guda ne, kuma a cikin man da aka soya funkaso da fanke ake jefa ƙosan. Zafin wuta ba ya kashe gulutin, domin shi ba ƙwayar cuta ba ne, yana nan cikin ɓarɓashin da ke yawo a man. Akwai masu masa da ke ƙara fulawa a ƙullu don ta haɗe, akwai masu ɗan wake da fulawar ta fi waken yawa. Yajin tsire asalinsa ƙuliƙuli ne da kayan yaji, amma ba kowane mahauci ke daka nasa ba, kuma wanda ya saya a kasuwa bai san da wane gari aka ƙara masa auki ba. Tuwon semo fari ne sol, a kwano ba ka raba shi da na masara sai ka taɓa, ga shi kuwa alkama ce. Wasu nau'o'in magi akwai alkama a cikinsu, wasu babu, sai an karanta takardar. Injin niƙa, wanda har maƙwabtanmu suka ari sunansa suna cewa nikanika, idan ya niƙa wa wani alkama da safe, garin masarar da ya biyo baya ya ɗebi rabonsa. Sai kuma abin da ya fi yaudarar mu, mu da ba mu shan giya: lemon malt da ake jerawa a kowane buki, da Milo da ake dama wa marar lafiya. Da sha'ir ake yin su.

Kada a ɗauka cewa manyan gidajen abinci masu na'urar sanyaya ɗaki a Osu ko Ahodwo sun fi aminci. A wasu fuskoki ma sun fi haɗari. Hajiya mai waakye ita ta yi cefane, ita ta dafa, ita ke zubawa. Idan ta so faɗin gaskiya ta san ta. A babban gida kuwa yaron da ke kawo faranti bai taɓa ganin cikin tukunya ba. Soyayyar shinkafa da baƙin ruwan waken soya ake yin ta, kuma yawancin wannan ruwa da alkama ake haɗa shi. Kaza da kifi a fulawa ake birkiɗa su kafin suya, dankalin kuma a man da suka fito ake soya shi. Miyar da ta yi kauri mai sheƙi sau da yawa fulawa ce ta ɗaure ta. Ka tambayi yaron, ya yi murmushi ya ce babu, domin an koya masa kada ya bar baƙo ya tashi.

Wani zai ce, to zaren taliya guda me zai yi? Nan ne mutane suka fi kuskure. An yi gwaji a Italiya aka ga cewa miligiram 50 na gulutin a kullum, na tsawon wata uku, ya isa ya taɓa bangon hanjin mai siliyak. Wannan bai wuce abin da ke cikin ɗan gutsuren burodin da bai kai kan ɗan yatsa ba. Shi ya sa ƙa'idar duniya ta ce ba a rubuta wa abinci "babu gulutin" sai abin da ke cikinsa bai haura miligiram 20 a kilo guda ba. Kuma ɓarnar ba dole ne ta nuna nan take ba. Mutum zai ci, ya biya, ya yi godiya, ya tafi, ciwon ya same shi cikin dare ko bayan kwana biyu, ko ma kada ya ji komai alhali hanjin yana ci gaba da ƙonewa. Mai sayarwa ba ta taɓa ganin sakamakon "ɗan kaɗan" ɗinta ba, don haka ta tabbata ba ya yin komai.

Sai dai ni a ganina babban shingen yana cikin tarbiyyarmu. An raine mu a kan cewa ba a tambayar abinci, ba a ƙin abinci, ba a nuna ƙyama ga abin da aka miƙo. Yaron da ya ce ba ya cin wani abu, tsirfa ce. Babban da ya faɗa, iyayi ne ko girman kai. Ita ma mai dafawa, tambaya tana zo mata kamar zargi: ana nufin abincinta ba shi da tsabta ke nan? Ga kuma sirrin girki, wanda ba a banza ake ɓoye shi ba, domin da shi take riƙe masu sayenta. Sai kara ta haɗu da kara: shi yana jin nauyin nanata tambaya, ita tana jin nauyin cewa ba ta sani ba. Ta ce "babu komai, ci abinka", ya ce "to, Hajiya", ya ci. Kowa ya kiyaye mutuncin ɗan'uwansa, hanji ya biya kuɗin.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne, a duk ƙasar nan babu wanda ya kai mu sanin darajar wannan tambaya. Mu 'yan tsiraru ne a cikin mutanen da cimarsu ta bambanta da tamu. Wane ne a cikinmu bai taɓa tsayawa a gidan abinci a Koforidua ko Cape Coast ya tambayi wane nama ne a miya ba, wa ya yanka, ko da ludayi ɗaya ake ɗiba? Ba ma yarda a tsame mana naman alade daga miya a ce mu sha romon. Mun san zafin a amsa mana da "babu" don kawai a rabu da mu, kuma mun san irin girman da muke ba wanda ya ce mana, "Alhaji, wannan ba naka ba ne, je ka gaba." Irin wannan amsar ce kaɗai mai siliyak ke nema a wurinmu. Ka'idar ludayi da kasko da muke bi saboda addini ita ce dai yake bi saboda lafiya, ba sai an koya mana sabon abu ba.

Masu sayarwa suna da hanzarinsu, kuma ba na raina shi. Matar da ta tashi ƙarfe uku na dare ta hura wuta, ribarta ba ta taka kara ta karya ba, ba za a ce ta sayi kasko na biyu da mai na biyu saboda mutum ɗaya cikin ɗari ba. Haka ne. Babu mai tilasta mata ta ciyar da kowa. Tana da ikon cewa, "Ɗana, a nan ba zan iya ba ka tabbaci ba." Wannan amsa ce mai kyau, ta rasa cinikin kwano ɗaya ta tsira da amana. Abin da ba ta da iko a kansa shi ne ta karɓi kuɗin ta ce babu alhali ba ta duba ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kuma faɗin cewa akwai fulawa a ƙullu bai tona sirrin girki ba. Ba a tambaye ta awo ba, ba a tambaye ta haɗin yaji ba.

A ƙasashen Tarayyar Turai, tun Disambar 2014 doka ta wajabta wa kowane gidan abinci ya iya sanar da mai saye idan akwai ɗaya daga cikin abubuwa 14 da ke tayar wa mutane cuta, hatsi mai gulutin yana cikinsu, tare da gyaɗa da ƙwai da madara da kifi. Italiya, ƙasar taliya da kanta, ta wuce nan: dokar 2005 ta sa makarantu da asibitocin gwamnati su tanadi abincin masu siliyak idan an nema, hukuma tana ba wanda aka tabbatar yana da cutar tallafin sayen abinci kowane wata, ƙungiyar masu cutar kuma tana horar da gidajen abinci ta fitar da sunayensu. Ba na cewa a kwaso wannan a ɗora wa mai koko a Sabon Zango. Amma manyan gidaje da otal-otal da ke karɓar takardar izinin tsabta daga hukumar abinci da magunguna ta ƙasa ba su da uzuri. Wanda ya iya buga takardar jerin abinci mai hotuna masu launi zai iya ƙara layi ɗaya a ƙarƙashin kowane abinci.

Akwai wasu da nake ganin sun ɓata wa masu cutar hanya, su ne masu yayi. Tun da barin gulutin ya zama ado a Amurka, aka samu masu bin sahu a nan, suna sayen burodi da biskit na musamman da tsada a manyan kantunan Ankara, wai don su rame ko fatarsu ta yi kyau. Ga wanda ba shi da cutar babu wata hujjar likita da ta nuna barin gulutin yana ƙara lafiya. Kuɗinsu ne, su suka sani. Illar ita ce, mai kawo abincin da ya ga mace ta tayar da hankalin madafa a kan fulawa, sannan ta rufe da yankan kek, gobe ba zai ɗauki maganar mai cutar gaske da muhimmanci ba. (Abin dariya kuma, accar da kakanninmu ke ci a Yendi da Chereponi ita ce ake ƙullawa a leda mai ƙyalli a sayar musu a matsayin sabon abu.) Haka kuma wanda ke zargin kansa da cutar kada ya yanke wa kansa hukunci ya bar alkama. Gwajin jini da na hanji ba sa nuna ta sai mutum yana cikin cin gulutin. Wanda ya bari kafin gwaji zai iya samun sakamakon ƙarya. Ya nemi likitan ciki a manyan asibitoci irin su Korle Bu ko Komfo Anokye tukuna, musamman idan akwai mai ita a gidansu, ko yaro ne mai ciwon sukari irin na ƙuruciya, domin cututtukan biyu suna yawan tafiya tare.

Shi ma mai cutar akwai nasa aikin. Kalmar gulutin ba ta da ma'ana a bakin murhu. Ya kira abubuwa da sunan da aka san su: fulawa, taliya, burodi, semo, malt, man da aka soya fanke. Ya faɗa a fili cewa ciwo ne likita ya hana shi, domin mutanenmu da ke yi wa tsirfa dariya ba sa wasa da maganar ciwo. An saba jin mai sukari da mai hawan jini suna faɗin nasu, ba wanda ya ce musu komai. Ya guji lokacin cunkoso. Ya zaɓi wuri ɗaya ko biyu ya zama ɗan gida, ya san Hajiya ta san shi, har ta kai idan ta hango shi ta wanke hannu ta ɗauko cokalin da ta ajiye masa. A gidan buki kuma, inda ake raba abinci a robobi an riga an haɗa shinkafa da taliya da soyayyar kaza, ya fi masa ya ci a gida kafin ya fito, ya karɓi robar da hannu biyu ya kai wa yara.

Masu koko da yawa ba sai sun sayi komai ba. Man da aka zuba sabo da asuba, a fara soya ƙosai a cikinsa kafin funkaso ya shiga, a kwashe kason farko da mataci mai tsabta a rufe a kwano daban. Mai waakye ta matsar da kwanon taliya zuwa ƙarshen tebur, ta ba shi cokalinsa shi kaɗai, ta daina ɗibarsa da hannu. Mahauci ya tambayi mai kawo masa yaji da wane gari ake haɗawa, ko ya ajiye ɗan ƙuliƙuli da barkono da gishiri a gefe don wanda ya nema.